Iskar da ba ta da wari: abin da ke ƙarƙashin ƙasar Kamaru

 Ranar da gari ya waye tas, daga gadar Wuri ana hango dutsen Kamaru ta wajen Buya, tsayinsa ya haura mita 4,000. Ya yi aman wuta a 1999, har narkakken dutse ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau, ya sake yi a 2000. A makon nan ina so mu tattauna kan iskar da irin waɗannan duwatsu ke fitarwa, domin mu masu bin hanya abin ya shafe mu.

Masana sun ce ɓawon duniya faifai-faifai ne manya, suna motsi a hankali, 'yan santimita a shekara, kamar tsiron farce. A wasu wurare, irin su Japan da Indunusiya da Cile, faifan da ke ƙarƙashin teku yana kutsawa ƙarƙashin ɗan'uwansa yana nutsewa. Ba ya tafiya hannu rabbana: yana ɗauke da ruwan teku da gishiri da laka. In ya kai zurfin kusan kilomita 100, zafi da matsi su matse ruwan ya fito, ruwan nan ya sa dutsen da ke sama ya narke. Shi ya sa duwatsun can suke da yawan tururi da sinadarin gishiri, ga farar wuta. Maɓuɓɓugansu na ruwan zafi da yawa suna da tsami da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. A dutsen Ijen na tsibirin Jawa akwai tafkin da tsaminsa ke cin ƙarfe, kuma leburori na sauka bakinsa suna sarar farar wuta suna ɗaukowa a kwanduna. Can dai hanci da ido suna yi wa mutum gargaɗi.

Namu daban ne. Babu faifan da ke nutsewa ƙarƙashin Kamaru. Jerin duwatsunmu, tun daga tsibirin Biyoko zuwa Buya zuwa tudun Adamawa, narkakken dutsensu daga can cikin ƙasa yake tasowa. Iskar da ta fi yi mana barazana ita ce kabon dayoksaid, wadda ke sa lemon kwalba kumfa. Tana ratsowa ta cikin ruwan ƙasa a sanyaye, ba launi, ba wari. Inda ta jima tana cin duwatsu, ruwan kan fito da ɗanɗanon kanwa, kamar lahoren kogin Vina kusa da Ngaundare, inda Fulani suka daɗe suna kai shanu su sha. Wannan alherinta ne.

Sharrinta kuwa mun gan shi sau biyu. Ranar 15 ga Agusta 1984 tafkin Monun, kusa da Fumbot, ya saki iskar da ya tara, mutum 37 suka rasu. Fumbot fa, inda motocin tumatir da kayan miya ke tasowa zuwa kasuwar Sandaga. Cikin mamatan har da fasinjojin wata motar kaya da injinta ya mutu a kwari. Waɗanda suka sauka ƙasa suka faɗi, na saman motar suka tsira. Sai daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos ya yi nasa. Mutum sama da 1,700 da dabbobi kusan 3,500 suka halaka a ƙauyukan Nyos da Ca da Subum da kewaye, da yawa suna barci. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.

Dalili shi ne iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi da kusan rabi, don haka gangara take bi kamar ruwa, ta kwanta a kwari. Tafkin Nyos mai zurfin kusan mita 200 ya riƙe ta a gindinsa kamar kwalbar da ba a buɗe ba. Tun 2001 aka kafa bututu yana zuƙo ruwan ƙasan yana sakin iskar sannu a hankali, aka ƙara wasu a 2011. An rage haɗarin ƙwarai, amma ƙasa ba ta daina numfashi ba.

To, ga shawarata ga direbobinmu da yaran mota da masu sarin shanu. In kuna yankin tafkunan nan, kada ku yada zango a kwari da dare, ku nemi tudu. In ka ga tsuntsaye ko dabbobi a zube ba rauni, ko fitila ta mutu ba iska, ko inji ya tsaya kanka na juyawa, kada ka sunkuya, kada ka kwanta, hau sama ka nufi tudu. Mai haƙar rijiya ma ya fara zura fitilar ƙwai a kunne kafin ya shiga. In ta mutu, a dakata. Ku gaya wa yara da iyali, musamman masu sabon shiga hanya.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mako na gaba.