Sankarar Jini: Kada Tsoron Jiya Ya Hana Mu Maganin Gobe

Duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Challawa ko Bompai da sassafe zai ga ma'aikata suna tururuwa zuwa masana'antu, wasunsu kuwa a cikin warin gam da fenti da fetur za su yini. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa benzin, sinadarin da ake samu a fetur da wasu ire-iren gam, yana haddasa sankarar jini. To, idan ta kama lebura, ina zai dosa?

Ga mai tsananin wannan cuta, babban abin da ake sa rai da shi shi ne dashen ɓargo. Amma dashen ba ya cika yin amfani sai an fara kwantar da cutar, ga shi kuwa wata ba ta jin magungunan da aka saba. Saboda haka ake gwada sababbi kafin dashe. Ta hanyar gwaji aka samu Blinatumomab, wanda Amurka ta amince da shi a 2014.

Mun san abin da kalmar gwaji take tunawa Kanawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a binciken da ya shafi yara 200, 11 suka rasu, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma rufe ƙofa ba zai warkar da kowa ba.

A ganina, a karɓi gwaji bisa sharuɗɗa: a yi wa majinyaci bayani da Hausa, ya amince don kansa, hukumar NAFDAC ta sa ido, magani da jinya su zama kyauta.

Ƙwarewa ba ta gagare mu ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi dashen ɓargo na farko a Nijeriya a 2011, ga mai sikila. Asibitin Malam Aminu Kano kuwa tun 2002 ya fara dashen ƙoda.

Kafin nan, ya kamata gwamnati ta wajabta wa masu masana'antu auna jinin ma'aikatansu kowace shekara, domin cutar da aka gano da wuri ita ke ba likita sararin aiki. Allah Ya sa masu iko su ji.