MAHARBI BA YA DA TAKARDA, TO WA ZAI BI SAWUN?

'Yan'uwa shugabannin rassa, muna gaishe ku daga Talladjé, Yamai. Wannan magana ku karanta ta ga jama'a ran kasuwa, ku ɗaga murya don na baya su ji.

Maharban unguwarmu sun zo mana da kuka. Yawancinsu fari ne ya koro su daga ƙauye, suka zama masu gadi da masu tura kura a birni, amma dajin yana nan cikin kansu. Ɗayansu, dattijo mai furfura, ya ji ana ɗaukar masu tsaron namun daji, ya tafi wani ofis da ɗansa wanda ya horar tun yana yaro. Ba a tambaye su ko sun san sawun kura daga na kare ba. Aka ce ina takardar lakwal. Babu. Aka ce to su kauce, akwai mutane a baya. Dattijon ya ce mana: "Ni da na kwana bisa itace ina jiran ɓauna, yau yaro ya ce ban san daji ba."

Wannan ba sabon abu ba ne, gadon Nasara ne. Faransa ce ta shata gandun W a 1954, hekta 220,000 a ɓangaren Nijar, ta shata Gadabeji a 1955. Kafin nan daji yana da mai shi. Akwai sarkin baka, akwai lokacin farauta da lokacin bari, akwai dabbar da ba a harbi, mai ciki ko mai shayarwa. Da alƙalami ɗaya aka mai da maharbi ɓarawo a dajin kakansa, amma in kumandan yana son harbin zaki, wannan ɓarawon ake kira ya shiga gaba yana nuna hanya, a biya shi da ƙashi da kayan ciki. Mun sauke tutarsu a 1960. Ma'aunin da suka bari na sanin wa ya iya, shi ne ba mu sauke ba.

Ku dubi aikin masu takarda na wancan zamani. Da makiyaya suka yi kukan kura da dila, sai ma'aikatan dabbobi suka riƙa zuba guba a mushe suna yasarwa a daji. Guba ba ta tambayar suna. Kura ta ci ta mutu, ungulu ta ci ta mutu, kyarkeci da zaki suka bi, har karen makiyayin da aka ce ana taimako. Maharbi da an tambaye shi, da ya bi sawun kurar nan guda da ta saba da garke, ya ɗana mata tarko a mashayarta, sauran daji ya kwana lafiya. Ba a tambaye shi ba. Wai ma sai a 2015 masu bincike na Turai da Amurka suka gane dilan ƙasarmu danginsa daban ne da dilan Asiya. Madalla da ilminsu. Amma wanda zai gaya musu ramin da ya haihu a ciki, har gobe maharbi ne.

Kada wani ya ce muna gaba da karatu. Muna son yaranmu su shiga makarantar Kollo, su wuce makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru, wadda aka buɗe a 1970, su dawo su riƙe ofis. Aikin yau yana son mai rubuta ƙidaya, mai sarrafa na'urar hoto da ake ɗaurewa jikin itace, mai karanta dokar farauta ta 1998 a gaban alƙali. Mun yarda. To amma jikin wane itace za a ɗaure na'urar? Wanda bai san mabiyar dabba ba sai ya ɗaure ta inda za ta kwana tana ɗaukar hoton iska. Rubuta lamba a takarda, yaro mai ƙwazo wata shida ya ishe shi. Duba sawu ka ce wannan na jiya da dare ne, mace ce, tana ɗingishi, ta nufi ruwa, wannan shekara ashirin ne a bayan uba.

Akwai masu cewa ai maharban ne suka ƙare naman, yaya za a ba kura ajiyar nama. Ba za mu ɓoye ba, cikin maharba akwai masu ɓarna, kuma 'yan'uwansu sun fi kowa sanin sunansu. Amma mai baka da kwari a ƙafa ba shi ya share warwaji da jimina daga arewa ba. Wannan aikin mota ne da bindiga mai jigida, da manya masu takardar izni a aljihu. Kuma maharbin da aka rufe wa ƙofa ba barin daji zai yi ba. Zai shiga da dare, ba albashi, ba rantsuwa, ba wanda zai tambaye shi.

Shaida tana nan kusa. Hanyar Doso da ke fita ta gefenmu, tafiyar kilomita 60 ta kai ka Kure, inda raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suke. A 1996 saura 49. Suka ƙaru har suka haye 600, a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji. Su wa suka riƙa bin su kullum, suna gane kowane ɗaya da zanen jikinsa? Mutanen ƙauyukan nan ne, masu yi wa baƙi jagora. Ran 9 ga Agusta 2020 da 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, shugaban masu jagorar yana cikin mamatan, Allah ya jiƙansa. Ranar mutuwa ba a nemi takardarsa ba.

Kuma tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. To don me mai neman aikin daji sai ya ci jarrabawa da Faransanci, kamar da giwar Tapowa zai yi hira?

Abin da maharba ke nema kaɗan ne. A buɗe ƙofa ta biyu ta masu bin sawu, jarrabawarta a daji, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek, sarkin baka yana zaune tare da jami'i cikin masu hukunci. Wanda ya ci a ba shi albashi da lamba da haƙƙin marayu in ya faɗi a bakin aiki, ba ladan yini ba. A koya masa karatu yana cikin aiki. Wanda aka kama da cin amana a kore shi kamar kowa.

Kowane reshe, daga Doci zuwa Konni, Madawa, Dakoro da Tasawa, ya zauna da sarkin bakan garinsa kafin kasuwa biyu. A rubuta sunayen maharba, da dajin da kowa ya sani, da yawan yaran da yake horarwa. A ba direban da aka amince da shi ya kawo takardar reshen Talladjé, mu haɗa mu kai wa hukuma da hannunmu.