FILIN MATA: Wane Littafi Za Mu Ba 'Yan Matanmu A Dogon Hutu?

 

Wata uwargida daga Argungu ta aiko mini da takarda. Ta ce ita da maƙwabtanta sun yi shawara su riƙa tara 'yan matansu sau biyu a mako cikin dogon hutun nan, a karanta littafin labari guda tare, amma sun kasa daidaitawa kan wanda za su ɗauka. Madalla da wannan shawara! Yarinyar da ta yi wata biyu ba ta buɗe takarda ba, daga talla sai surfe sai latsa waya, ran da aka koma makaranta sai ki tarar karatunta ya yi tsatsa. Taron mata don neman ilmi kuwa gadonmu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da 'Yan Taru.

To, kafin ku sayi littafi ku auna shi da mudu uku. Na fari, ya zama siriri, wanda za a gama kafin hutu ya ƙare. Na biyu, ya yi daɗi in an karanta a bayyane, domin ba kowace yarinya ce za ta sami nata ba. Na uku, ya zama wanda uwa za ta zauna a tabarma ɗaya da 'yarta ta saurara ba ta sunkuyar da kai ba.

A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labari da Hausa. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Aka fara buga su a 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin kamun kifi. Ashe littattafan nan tsaran bikinmu ne.

Ganɗoki na Malam Bello Kagara yaƙi ne da kirari, ya fi dacewa da samari. Jiki Magayi labarin ƙwace budurwa ne da ramuwar gayya har ɗa ya kashe ubansa, ya yi wa ƙananan yara nauyi. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, ya kamata 'yan matanmu su san mace ce ta rubuta shi, amma zancen soyayya da aure ne, a ajiye wa manyansu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, duk uwar da ta ji yadda aka sace yaro, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, sai ta yi hawaye. Sai dai labarin a sarƙe yake, wadda ta rasa zama ɗaya ta ɓata.

Saboda haka ni Ruwan Bagaja na zaɓa, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana saurayi, yana malamin Midil ta Katsina. Alhaji Imam ya tashi daga Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke Liman daga kunyar da aka ba shi a fada. Kowane gari ya shiga da abin da zai same shi, shi da abokin karawarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Ga dariya, ga Hausa mai daɗi. Kuma da yake damina ce, yau ruwa ya hana fita, gobe an kai abinci fadama wurin masu noman shinkafa, wadda ba ta zo jiya ba ta iya shiga yau ta ji daɗinta.

Na san wata za ta ce ai Alhaji Imam maƙaryaci ne mai yawan damfara. Gaskiya ne. Nan ne aikinki yake, uwargida. In an kai ƙarshen babi ki rufe littafin ki tambaye su: wa aka cuta a nan? Me ya sa ya yarda aka cuce shi, kwaɗayi ko wauta? Yarinyar da ta gane dabarar mayaudari a takarda, da wuya a ruɗe ta a kasuwar Birnin Kebbi.

Ku sa kowace yarinya ta karanta shafi guda da ƙarfi, ta rubuta kalmomin da ba ta sani ba, ta kai wa kakarta ta fassara mata. In kun gama da sauran hutu, ku ɗauki Shaihu Umar.

Ku aiko mini da labarin yadda zaman ya kasance. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya shirya mana zuri'a, amin. Sai mako mai zuwa.