Haƙorin Ƙurya Ba Aikin Mai Kemis Ba Ne

A unguwarmu ta Ƙofar Durbi akwai wani matashi tela mai shekara 23, wanda haƙorin ƙuryarsa na ƙasa ya fara damunsa tun daminar bara. Duk sanda ciwon ya motsa sai ya leƙa kemis, a ƙulla masa Amoxil da Flagyl da maganin ciwon jiki, ya sha kwana uku ya ji sauƙi ya koma kan kekensa. Da ya yi zancen zuwa asibiti, mahaifiyarsa ta ce ba da yawunta ba, domin ita ta taso tana jin cewa cire haƙori yana taɓa ido. Haka aka yi ta yi wata bakwai. Daren da abin ya ƙwace, bakinsa ya ƙi buɗuwa, ƙasan haɓarsa ya kumbura ya yi tauri, ko yawu ya kasa haɗiyewa. A Keke Napep aka kai shi asibiti, likitoci suka tsaga suka fitar da mugunya, ya yi kwanaki a kwance. Allah ya yi da sauran shan ruwansa, amma sai da aka sayar da keken ɗinkin kafin a biya kuɗin jinya.

Mutum uku nake tuhuma a wannan magana: mai kemis da ke ba da magani ba tare da ya leƙa bakin mara lafiya ba, da mai zare haƙori a gefen kasuwa, da kuma mu iyaye da dangi masu hana zuwa asibiti da sunan tausayi.

Babban mutum yana da haƙora 32. Huɗun ƙarshe, waɗanda wasu ke kira haƙoran hankali, su ne ke fitowa can ƙuryar baki, galibi tsakanin shekara 17 zuwa 25. Da yake sun zo a makare, sau da yawa sukan tarar babu fili a muƙamuƙi. Sai haƙorin ya fito a karkace, ko ya tokari na gabansa, ko rabinsa ya leƙo rabi ya maƙale ƙarƙashin dasashi. Wannan ɗan naman da ya lulluɓe shi ya zama aljihu, abinci ya shiga ya ruɓe a inda asuwaki da buroshi ba sa kaiwa, ƙwayoyin cuta su samu gida. Daga nan ne ciwo da kumburi da warin baki ke tasowa.

To, a nan ne aikin mai kemis ya zama cuta. Ƙwayoyin da yake bayarwa suna iya kwantar da kumburin na ɗan lokaci, amma aljihun yana nan, abincin gobe ma cikinsa zai shiga. Ana magani kai yana kaba ke nan. Kowane zagaye na shan magani barkatai, a yanke shi a kwana na uku, yana koya wa ƙwayoyin cutar jure masa, har ranar da za a buƙace shi da gaske ya ƙi aiki. Wasu ma sun wuce nan, suna ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ko su ɗiga ruwan batir ko turare. Waɗannan suna ƙona nama, ba sa kuma taɓa tushen ciwon. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi sukan rage raɗaɗi kafin gari ya waye, iyakar amfaninsu ke nan.

Abin da ya kama telan nan yana da suna a littattafan likitanci tun shekarar 1836, lokacin da wani likita Bajamushe, Wilhelm Friedrich von Ludwig, ya bayyana shi. Mugunya ce ke tashi, galibi daga matauni na ƙasa, ta bazu ƙarƙashin harshe da haɓa, ta ɗaga harshen har ya toshe hanyar numfashi. Mutum kan iya rasa ransa a ɗan lokaci kaɗan, masu ciwon suga kuwa sun fi kowa shiga haɗari.

Sai maganar ido. Ina girmama iyayenmu mata, amma wannan zance ba shi da tushe. Jijiyar gani daban take da jijiyoyin da ke kai ji ga haƙora, cire haƙori a hannun likita ba ya makantar da kowa. Abin da ke iya kaiwa ga ido shi ne mugunyar haƙorin sama da aka bari ta bazu zuwa fuska, wato ƙin cirewar ne ke jawo abin da ake gudu. Haka zancen tsutsar haƙori, wanda aka daɗe ana gaskatawa a sassan duniya da dama kafin ilimi ya nuna cewa ƙwayoyin cuta ne ke sarrafa zaƙi su zaizaye haƙori. Mai turara maka hayaƙi ya nuna maka tsutsa a cikin kwano kuɗinka kawai ya ci. Shi kuwa mai zarewa da filaya ba ya ganin abin da ke cikin ƙashi. Saiwar haƙorin ƙurya kan lanƙwashe, kan kuma kwanta dab da jijiyar da ke kai ji ga leɓen ƙasa. In ya karya ta ya bar guntu, asibitin da aka guda nan za a koma. Ƙarfen da bai dahu ba kuma hanya ce ta ciwon hanta.

Na san amsar da za a ba ni: Malam, asibiti kuɗi ne, ga layi, ga ƙarancin likitocin haƙori. Gaskiya ne, kuma nauyi ne a wuyan gwamnati ta kai wannan aiki kusa da talaka. Amma a lissafa kuɗin magani na wata bakwai, da ranakun da aka rufe shago, da keken da aka sayar, a kwatanta da kuɗin hoto da cirewa sau ɗaya. Araha ba ta ado. Mutumin Katsina ba shi da uzurin nisa, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a cikin gari, in aikin ya yi tsanani kuma ana iya tura shi Asibitin Malam Aminu Kano.

Kada kuma a ɗauka ina cewa kowane haƙorin ƙurya sai an cire. A shekarar 2000 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar a daina cire wanda ba ya ciwo kuma ba ya ɓarna. Wanda ya fito daidai a bar shi. Wanda ke kumbura a kai a kai, ko ya ruɓe, ko yake lalata na kusa da shi, likita ne zai yanke hukuncinsa bayan ya duba hoto.

In an sa ranar cirewa, ka faɗa wa likita gaskiya: hawan jini, ciwon suga, sikila, juna biyu, gyambon ciki, maganin tsinka jini, har da sauƙe-sauƙen gargajiya da kake sha. In allurar kashe wurin kawai za a yi, ka ci abinci kafin ka je. In za a sa ka barci, ka bi umarnin daina ci, ka kuma je da ɗan rakiya. Tunda za a sha magani a kan lokaci, wanda ciwonsa bai matsa ba ya tsara abinsa kafin watan azumi ko bayansa. Ka tambayi likita game da mutuwar leɓe ko gefen harshe, wadda kan faru ga wasu kaɗan, galibi kuma takan wuce.

Bayan cirewa, dangi ne kan ɓata aikin da kyakkyawar niyya. Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin ciwon. Mai kawo kunu mai tururi, da mai cewa a kurkure da ƙarfi a tofar da mugun jini, da abokin da ya miƙo sigari ko shisha, duk suna fige murfin nan. In ya fita ƙashi ya bayyana, bayan kwana biyu zuwa huɗu ciwon da ya fi na farko ya taso har cikin kunne. Don haka a ciza audugar da likita ya sa na kimanin minti 30. A awa 24 na farko ban da kurkure baki da yawan tofi da tsotso da tsinken roba, ko wajen alwala a sa ruwan a hankali a bar shi ya zubo. Daga rana ta biyu a riƙa kurkurewa sannu da ruwan gishiri mai ɗumi bayan cin abinci. A sha koko da ya huce, da nono, da faten dankali, a jingine ƙilishi da goro da rake. Kumburi kan kai ƙarshensa a rana ta biyu ko ta uku sannan ya fara sauka. A tsaya kan maganin da aka rubuta, ban da asfirin mai ƙara zubar jini, ban da neman Tramadol a bayan fage.

Akwai alamomin da ba a kwana da su, ko kafin cirewa ko bayanta: zazzaɓi mai zafi, kumburin da ke gangarowa wuya ko yake hawa wajen ido, baki ya ƙi buɗuwa, wahalar haɗiya ko numfashi, da jinin da ya ƙi tsayawa duk da cizon auduga. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu a jikin ɗansa ko matarsa ko maƙwabcinsa, ya wuce ƙofar kemis ya nufi sashen gaggawa na asibiti, ko da tsakar dare ne. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.