MU SAN JIYA: Baturen Rasha da ya zana Sarkin Damagaram

A wannan wata filinmu zai yi magana a kan wata sana'a wadda ba mu saba da ita ba a karkara, da wani mutum da ya ci abinci da ita har ƙarshen ransa.

Duk wanda ya shiga unguwar Birni a Zinder ya ga zanen da magina suke yi a fuskar gidaje. Wannan na ado ne, ba ya kama da kowa. Amma akwai wani zane dabam. Mutum zai zauna gabanka, ka dube shi da kyau, ka sa kamanninsa a takarda da hannunka, ba tare da na'urar hoto ba. In ɗansa ya gani sai ya ce: "Wannan babana ne." In yana da tsage, ga tsagen. In ya tsufa, ga tsufan. Ba ƙari, ba ragi.

Wani gwanin wannan aiki ya taɓa zuwa Damagaram. Faransawa suna rubuta sunansa Alexandre Iacovleff. Don sauƙin karatu, mu ce da shi Yakoblef.

An haife shi a 1887 a birnin San Fitasbag na ƙasar Rasha. Ubansa hafsan jirgin ruwa ne, ya kuma kafa masana'antar ƙera inji, amma ya mutu yaron bai kai goma sha biyu ba. A 1905 Yakoblef ya shiga babbar makarantar zane ta garinsu. Bai fito ba sai 1913. Shekara 8 ke nan yana koyon yadda ƙashi da tsoka suke a jikin ɗan Adam, da yadda haske ke sauka a fuska. Yaron da aka kai wurin maƙeri ma ba a shekara ɗaya yake ƙera garma ba.

A 1917 makarantar ta aike shi ƙasar Sin da Japan. Yana can aka yi juyin mulki a Rasha. Bai koma gida da zama ba. Ya wuce Faris, babban birnin Faransa, ya zauna.

To, me ya kawo shi wajenmu? Mota ce. Wani attajiri mai suna André Citroën yana ƙera motoci, yana kuma son duniya ta san nasa sun fi na kowa ƙarfi. Sai ya shirya motoci 8 su ratsa Afirka. Gabansu taya ce, bayansu wata ɗamara ce ta roba mai juyawa, don kada yashi ya riƙe su. Jagoran tafiyar sunansa Haardt, mataimakinsa Audouin-Dubreuil. Suka ɗauki masu ɗaukar silma, suka ɗauki Yakoblef don ya zana mutanen da za su gani. Sun tashi daga Kolom-Beshar a Aljeriya ran 28 ga Oktoba 1924. Suka ratsa hamada, suka sauko bakin kogi, suka biyo Yamai, Maraɗi da Tasawa. Kafin shekarar ta ƙare suna Zinder, wadda ita ce babban birnin Nijar a lokacin, don sai a 1926 aka mai da gwamna Yamai. Daga nan suka nufi tabkin Cadi.

Mu faɗi gaskiya: ba don Allah aka yi wannan tafiya ba, ba kuma don mu ba. Talla ce ta mota, da nuna ƙarfin Faransa a ƙasashen da ta mallaka. Zamanin aikin dole ne, lokacin da talakawa ke share hanyoyi ba a biyansu. Yakoblef ma ɗan aikin attajirin ne. Amma aikin hannunsa ya fi motocin daɗewa.

Ga yadda yake aiki. Fentin da ya koya a makaranta garin launi ne ake kwaɓawa da mai. Yana da kyau, yana shekaru ɗaruruwa bai koɗe ba, amma yana kwanaki kafin ya bushe. Matafiyi cikin ƙurar hunturu ba zai iya jiransa ba. Saboda haka a kan hanya ya fi aiki da jan alli da gawayi a kan takarda. Hannunsa yana da sauri ƙwarai, har abokan tafiyarsa suna mamaki. Sai da ya koma ɗakin aikinsa a Faris ya baje takardun, ya fitar da manyan hotuna a kan ƙyalle mai kauri, wasu da fentin mai, wasu da fentin da ake kwaɓawa da ƙwai. Abin da ya samu a wannan tafiya ya kai hoto wajen 300.

Cikinsu akwai na Sarkin Damagaram Barma Mustafa. Ku tuna halin da sarautar take ciki. A 1899 Nasara suka ci Zinder, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. A 1906 suka tuɓe Amadu ɗan Basa, suka ba Ballama riƙon ƙasa. Sai a 1923 sarauta ta koma gidanta, aka naɗa Barma Mustafa. Wato bai daɗe a kan gado ba wannan baƙo ya zana shi. Akwai kuma hoton shugaban mahayan Sarki Musa na Maraɗi, wanda aka rubuta sunansa Magemma.

Nan ne na fi yaba wa mutumin. Turawa da yawa na zamanin in sun ɗauki hoton baƙar fata sai su rubuta a ƙasa: "wani Bahaushe", ko "wata Bafillata", kamar ana lissafin awaki a kasuwa. Shi kuwa hotunansa da yawa suna ɗauke da sunan mai hoton da garinsa. Sunayen sun ɗan karkace, don kunnen baƙo ne ya ji su. Duk da haka suna ne, jika zai iya bin sawunsa. Ku da kuka koyi rubutu yanzu, in akwai tsohon hoto a akwatinku, ku juya bayansa ku rubuta sunan mai shi da garinsa da shekara, tun tsofaffin da suka san shi suna da rai.

Abin takaici shi ne hotunan sun bi mai su. A 1926 aka baje su a wani gidan nuni a Faris, masu kuɗi suka saya, gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma. A 1927 aka buga 50 daga ciki a wani babban littafi mai tsada. Har yau in hoton Yakoblef ya fito kasuwar gwanjo a Turai, kuɗi mai yawa ake zubawa. Fuskar kakanninmu ce ake ciniki, amma manomin Mirya ko makiyayin Tanut bai taɓa ganinta ba. A ganina ya kamata hukumomin al'adu su nemi kwafin waɗannan hotuna, a rataye a Zinder da Maraɗi inda kowa zai gani.

Shi kuwa bai zauna ba. A 1931 ya sake bin motocin Citroën, wannan karo daga Bairut har Bejin ta ƙasar Sin. Daga 1934 zuwa 1937 ya koyar da zane a Boston ta Amurka. Ya dawo Faris, ciwon daji ya kama shi a ciki, aka yi masa aiki, bai tashi ba. Ya mutu a watan Mayu 1938, yana da shekara 50.

Wanda kakansa ya taɓa ba shi labarin ranar da motocin nan 8 suka shiga Tasawa ko Zinder, ya rubuto mana da hannunsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.