Likita Ya San Jiki, Ya Kuma San Jama'a

A shekarar 2003 jihohin Kano, Kaduna da Zamfara suka dakatar da rigakafin shan inna. Magani yana nan, ma'aikata suna nan, amana ce ta ɓace. Kanawa ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda yara 11 cikin 200 suka rasu. Kafin Kano ta koma rigakafin a Yulin 2004, cutar ta riga ta tsallaka ƙasashen da suka daɗe da rabuwa da ita. Sai da aka jawo sarakuna da malamai cikin aikin sannan iyaye suka buɗe ƙofa.

Wannan darasi ne na ilmin zamantakewa, fannin da ɗaliban likitanci ke ɗauka a matsayin cikon benci. Alhali likitan da bai san dalilin da mai naƙuda ke jiran izinin mijinta ba, ko abin da kunya ke hana 'yar fari faɗa, zai rubuta magani daidai amma ya rasa majinyaci.

Don haka muna kira ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da tsangayoyin likitanci na Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri su ba fannin cikakken matsayi. A koyar da shi a gefen gadon majinyaci da zauren mai unguwa, a kuma sa shi cikin jarrabawar da sai an ci ta ake zama likita.