Haƙƙin Agwagwa a Wuyan Mai Kiwonta

Duk wanda ya shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ta Ƙauran Namoda da Zurmi, ya san yadda ake kawo agwagi da kaji: an ɗaure musu ƙafafu an rataya a babur, kai yana reto, ko an cunkusa su a kwando cikin tsakar rana, babu ruwa. Mun saba gani har abin ya daina damun mu, alhali Shari'a ba ta ɗauke shi wasa ba.

A aya ta 38 ta Suratul An'am, Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanar da mu cewa tsuntsaye al'ummu ne kamar mu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, Mukhtasar na Shehu Halil ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita, in ya ƙi a sayar da ita.

Agwagwa tana buƙatar ruwan da za ta tsoma kanta ta wanke ido da hanci, da inuwa, da busasshiyar shimfiɗa. Mai kiwon kasuwa da ya hana ta waɗannan don rage kashe kuɗi ya ci amana, kuma cutar tana dawowa kanmu. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 ta halaka kaji masu ɗimbin yawa, kuma agwagwa takan ɗauki cutar ba tare da alama ba, ta yaɗa wa kajin da aka gwama ta da su.

Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a tun shekarar 1999, don haka ita ta fi cancantar shigewa gaba. Muna kira ga Hukumar Hisba da likitocin dabbobi da sarakunan kasuwa su zauna su tsara ƙa'ida: adadin tsuntsayen da kwando zai ɗauka, ruwa da rumfa a wurin sayarwa, raba agwagi da kaji, wasa wuƙa kafin yanka, da hana fige tsuntsu kafin ransa ya fita. Magidanci kuma ya daina saye a hannun mai azabtarwa, ɗalibai su karantar da wannan babi a gidajensu.

Allah Ya sanya tausayin halittunsa a zukatanmu, Ya yafe mana abin da muka yi sakaci a kansa.